Kwasa-kwasan da ake nema kafin komawa jirgin dakon kaya

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina aiki a ɗakin injin jirgin kamun kifi da ke tashi daga Tema, yanzu kuma ina son komawa jirgin dakon kaya. Waɗanne gajerun kwasa-kwasai ne suka wajaba a kaina, kuma za a lissafa mini shekarun da na yi a teku?

Baba Injiniya, Ashaiman:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da horon farko da yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda ta tsara horon ma'aikatan jirgin ruwa a duniya, ta ɗora wa kowane ma'aikacin jirgi, wato dabarun tsira idan ya zama dole a bar jirgi, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai a bakin aiki. Gyaran da aka yi a Manila a 2010 ya ƙara horon tsaro, sannan ɓangaren tsira da na gobara sai an sabunta su duk shekara 5. Ana koyar da waɗannan a Regional Maritime University, jami'ar horon ma'aikatan teku da ke Nungua.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna, domin STCW ba ta shafi jiragen kamun kifi ba, su suna da tasu yarjejeniyar ta 1995. Mutum zai iya sanin inji ciki da waje, amma idan babu sa hannun kyaftin da hatimin jirgi a littafin aikinsa, wato wanda ake rubuta aikin da ya yi a teku a ciki, da wuya a yarda da ƙwarewarsa. Ka kai littafin naka wurin Ghana Maritime Authority, hukumar kula da harkokin teku ta Ghana, su duba kafin ka kashe ko sidi ɗaya.

Malamin Sabon Zango:
Ina goyon bayan Baba. Kada ka tara satifiket barkatai, ɗan'uwa. Kwas ɗin tankar mai da sinadarai daban yake da na tankar gas, sai ka san jirgin da ka nufa tukuna. Jiragen da ke ɗauke da tutar Laberiya ko Panama kuma sukan nemi littafin aiki na waɗannan ƙasashen.

Hajiya, Madina:
Ɗana, ka yi hattara da dillalan aiki. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta hana karɓar kuɗi daga ma'aikaci don a sama masa jirgi. Fasfo da littafin aiki da takardar likita ne ke wuyanka, ita kuma takardar likitan ba ta wuce shekara 2.