Muhawara: Shin naɗa mata a manyan kujerun makamashi ya sauya wani abu?

Tsohon ma'aikacin lantarki: Ni dai ra'ayina shi ne, yawan murnar da ake yi idan an naɗa mace ba ta da amfani ga talaka. Diezani Alison-Madueke ta riƙe ma'aikatar man fetur ta Najeriya daga 2010 zuwa 2015, har ta zama mace ta farko da ta shugabanci OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, amma yau zarge-zargen almundahana ake tunawa, ko da yake ta musanta su. A Angola ma, Isabel dos Santos mahaifinta, shugaban ƙasar na lokacin, shi ne ya ɗora ta a kan Sonangol, kamfanin man fetur na gwamnati, a 2016.

Malamar kimiyya: Baba, da girmamawa, maza nawa ne suka riƙe waɗannan kujeru aka zarge su da irin wannan, ba wanda ya ce a daina naɗa maza? Me ya sa ba ka ambaci Damilola Ogunbiyi ba? A zamaninta na shugabancin hukumar samar da lantarki a karkara aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, kuma 'yan kasuwar Sabon Gari sun ga faifan sola a kan rufin shagunansu.

Tsohon ma'aikacin lantarki: 'Yata, wannan aikin hukuma ne, da namiji ne a kujerar ma da an yi.

Malamar kimiyya: To, Baba, idan alheri na hukuma ne, ashe laifin ma bai kamata a jingina shi ga jinsi ba.

Injiniya: Ku yi haƙuri, ina ganin kun tsaya a kan kujerun sama alhali matsalar tana ƙasa. Rebecca Miano, wadda ta shugabanci KenGen, kamfanin samar da lantarki na Kenya, daga 2017 zuwa 2022, ta shafe shekaru a cikin kamfanin kafin ta kai can. A wurin da nake aiki kuwa, ba a tura mace gyaran taransifoma ko aikin dare, wai don a tausaya mata, sannan ranar ƙarin girma a ce ba ta da gogewar fili. Hatta takalmin kariya sai da na sayi nawa, domin babu daidai ƙafata a sito.

Tsohon ma'aikacin lantarki: Injiniya, a nan kam ba ni da ja, sai dai ki sani sau da yawa iyaye da mazaje ne ke hana aikin dare, ba manaja ba.

Injiniya: Haka ne, Baba, amma a bar mace ta faɗi hakan da bakinta kafin a cire sunanta daga jadawali.