Waɗanda suka yi aiki a dajin kudu, ya kayan aikinku suka kasance?

Tsohon Sajan: Salam 'yan uwa. Ɗan ƙanina ne ke rubutu kan yadda ake gwada kayan soja a ƙasashen zafi da laima, na ce bari in kawo nan kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni ina cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya 1990, wallahi bindigar da a arewa ƙura ce kawai matsalarta a Monrobiya za ka goge ta da magariba ka sa mata mai, kafin asuba tsatsa ta yi ja a bakinta, ga gidan harsashi in ba ka zazzage ka shanya ba sifirin ɗin sai ya cije. Garin da ruwansa ke haura milimita 4,000 a shekara fa.

Kofur Mai Ritaya: Oga ni takalmi ne ya fi damuna a Saliyo. Fata ce zalla, ruwa ya shiga ba hanyar fita, ka wuni a ciki ƙafa ta yi fari ta jiƙe tsakanin yatsu ya tsage, funfuna kuma ta hau takalmin ko an rataye shi a tanti. Da na ga irin na daji mai yadi a sama da 'yan ƙofofi a gefe da ruwa ke tsiyayewa, raina ya ɓaci ƙwarai don abu ne mai sauƙi.

Na Sigina: Mu oba-oba ce. Batir ba ya jimawa, bakin wayoyin ya yi kore, kuma in ka nutsa cikin itatuwa zangon da take kaiwa a fili ko kusa ba za ta kai ba sai ka nemi tudu. Madubin hangen nesa ma raɓa ce ke taruwa ta ciki, ba yadda za ka goge.

Malamin Makamai: Shi ya sa Amurka ta buɗe cibiyar gwaji a Panama tun 1962, su ajiye kaya cikin daji wata da watanni ruwa da gara da funfuna su yi ta cinsa, bayan sun miƙa wa Panama yankin mashigin ruwan a 1999 suka ci gaba a wurare irin su Hawai da Suriname. Kuma duk da haka bindigarsu M16 ta riƙa cijewa a Biyetnam har majalisarsu ta yi bincike a 1967, aka gano an sauya garin albarushi, ga kuma sojoji ba isassun kayan gogewa, daga baya aka shafe ramin harsashin da kurom, ƙarfen da ke hana tsatsa. Rayuka aka rasa kafin a gyara.

Tsohon Sajan: Allah ya jiƙan namu da suka kwanta a Laberiya da Saliyo. Akwai wanda ya yi Bakassi? Ina so in ji yadda ruwan gishiri ya yi da injin jiragen ruwa.