Ƙanina kurma ne, an sa shi dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ƙanina kurma ne tun haihuwa, ba ya magana. A nan Makka muke, wajen Shari'ul Mansur, dako yake yi da amalanke. Ranar Lahadi wani ya ce an ɗauke masa waya a kasuwa. Aka yi ta ƙwala wa ƙanina kira ta baya bai juyo ba, da aka damƙi kafaɗarsa ya firgita ya fizge, sai aka ce gudu zai yi. Askarawa, wato 'yan sandan nan, suka tafi da shi. Maƙwabcinmu da ya kai masa abinci ya ga shuɗin tawada a babban yatsansa, yana ta nuna masa yatsan yana kuka.

Ni da Hajiyarmu kaɗai muke gane maganar hannunsa, ita kuma ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Igamata, wato takardar izinin zama, ta mutu shekara 2 ke nan. In na je ina tsoron a wuce da ni tarhil a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ga yara uku a gida. Kuɗin lauya babu. Ya zan yi?

Wani ɗan uwa daga Jidda: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya fitar da shi. Askarawa ba su ne ƙarshe ba, Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, ita ce mai bincike. A dokar bin diddigin laifuka ta 2013, mai bincike zai iya tsare mutum kwana 5, a ƙara har 40, kuma duka ba ya wuce wata 6 sai an kai shi kotu ko an sake shi. Yana da haƙƙin lauya ko wakili tun daga bincike, ko da igama ko babu. Ku rubuta wa Niyaba cewa kurma ne, bai iya karatu ba, kuma an ɗauki bayaninsa babu tafinta. Ku kai kwafi Hai'atu Huƙuƙil Insan, wato hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan masu buƙata ta musamman tun 2008, don haka ba alfarma kuke roƙo ba.

Wata uwa daga Madina: 'Yata, nima ɗana kurma ne, na san wannan zafin. Ki kula da abu ɗaya da kowa ke mantawa. Ko an kawo tafinta, ishara ta Saudiyya zai yi, wadda ake koya a makaranta. Yaranmu da ba su shiga aji ba maganar gida suke yi. Ɗana in ya taɓa haɓa, babansa yake nufi, wa zai san wannan in ba mu ba? Kuma sun saba gyaɗa kai ga duk babban da ya tsare su da ido, don a ƙyale su. Sai a rubuta ya amsa laifi. Ku dage wani na gida ya zauna tare da tafintan, ko a ɗauki Hajiya a keken guragu. Ku nemo takardar asibiti ta gwajin ji, ko tsohuwa ce.

Wani daga Makka: Ku nemi mai wayar ku biya shi ya yi tanazul, wato ya yafe haƙƙinsa, magana ta mutu.

Ɗan uwan Jidda: A'a malam, a yi hattara. Tanazul haƙƙin mai waya yake saukewa, na hukuma yana nan. Kuma biyan zai zama kamar an amsa. A fara roƙon a duba kyamarorin shagunan wurin tun ba a goge ba.

Wani dattijo: Yarinya, kada ki je da kanki. Ki tura namiji mai igama mai rai da takardun, a kuma sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, in fasfo ɗinku na can ne.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, fasfon Najeriya ne. Kawunmu ya yarda zai je gobe bayan Asuba, Hajiya ma ta ce ko da rarrafe sai ta bi shi. Na samo takardar asibitin a ƙasan akwatinta. Saura wanda zai rubuta mana ƙorafin da Larabci a daren nan, don Allah mai iyawa ya yi min magana.