Tattabaruna sun tsinci irin shuka mai jan magani, ko akwai wanda ya san kan abin?

Maitattabara Rikkos:
Salam jama'a. Dan Allah a taimaka da shawara. Ran Talata da safe ƙanena ya cuɗa masara da maganin iri a tsakar gida zai tafi shuka gonarmu ta Babale, kaɗan ta zube bai share ba, ni kuma na buɗe wa tattabaru kamar kullum. Kafin azahar na samu uku a gindin randa sun saki fukafukai suna tangaɗi, ɗaya na ɗaga ta na sake ta faɗo kamar tsumma, idonta biyu tana kallona amma ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Biyu sun mutu. Sauran sun tashi amma ba sa cin kirki, yau kwana biyar wata ta fara mura. Jikin takardar maganin an rubuta imidacloprid. Shi ne ko wata cuta ce daban? Wallahi raina ya ɓaci, shekara shida ina kiwonsu.

Ummu Hanif:
Allah ya mayar da alheri ɗan uwa. Don Allah waɗanda suka mutu a binne su da zurfi, kar mage ko kare su samu, masu jin jikin ma kar wani ya ce zai yanka a ci.

Ɗan Vom:
Malam sannu, alamun sun yi kama sosai. Imidacloprid maganin ƙwari ne ɗan gidan neonicotinoid, su thiamethoxam da clothianidin, an ƙera su kan tsarin nikotin ɗin taba. Maganin yana zuwa ya maƙale inda saƙo ke tsallakawa daga jijiya zuwa jijiya sai ya yi ta zugata ba hutu har ta daina aiki, a ƙwaro mutuwa ce, tsuntsu bai kai ƙwaro kamuwa ba amma ƙwaya ɗaya ta iri tana ɗauke da magani mai yawa, shi kuma jikinsa nawa yake. A wani binciken Kanada da aka wallafa a 2019 an ba wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura ɗan kaɗan, cikin awa 6 suka zubar da kashi 6 cikin 100 na nauyinsu saboda sun daina ci, suka makara kwana uku da rabi kafin su ci gaba da tafiya. Maganar garkuwar jiki kuwa, a Sifen an gwada a kan makwarwar can, waɗanda aka ba alkama mai cikakken magani duk suka mutu cikin kwana 21, waɗanda aka ba kaɗan sun rayu amma 'ya'yansu suka fito da raunin garkuwa, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan don wannan ba ya ganuwa da ido. Amma fa kar ka yanke hukunci kan mai murar, cutar tsuntsaye ta Newcastle ma tana kawo shanyewa da murɗewar wuya. Ka ware ta yau, in wata ta sake mutuwa ka sa a leda da ƙanƙara ka kai NVRI, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a duba. Shi dai imidacloprid ba shi da makari, ruwa mai tsabta da ɗumi da abinci ne kawai.

Baba Naraguta:
Yaro mu manoma da laifinmu. Mutum zai shuka ya bar iri a baɗe a bakin kunya, kurciya da zabbi su bi su tsince. Ni a buhu nake cuɗawa can gona, na daddanne rami da ƙafa, ragowar kuma ba ta shiga gida balle tukunya.

Ɗan Vom:
Haka ne Baba. Tarayyar Turai tun 2018 ta hana amfani da magungunan ukun da na ambata a fili, saboda ƙudan zuma ma aka fara. Mu nan ana sayarwa a tebur har yaro a aika ya sayo.

Maitattabara Rikkos:
Na gode ƙwarai. Na ware ta a kwali na sa mata fitila, tsakar gidan ma na kankare ƙasar wurin na binne. Da yamman nan ta sha ruwa da kanta ta ɗan tsattsagi gero. Ɗan Vom, kwana nawa zan bar sauran a kulle kafin in sake su?