Lambar shasi da ta farantin jiki sun saɓa a Land Rover Series III

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum. Series III ce ƙirar 1976. Lambar da ke kan farantin ƙarfe a cikin motar ta fara da 901, ta jikin shasi kuma 911. Wacce ce ta gaskiya, kuma me zan yi da takardu?

Bakanike: Wa alaikumus salam, malam. Ta shasi ce madogara. Faranti ribit ne kawai ke riƙe da shi, yakan bi jikin wata motar ya zo. 901 na nufin gajera mai inci 88, injin fetur. 911 kuwa doguwa ce mai inci 109. Auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, nan take za ka gane. Lambar shasin tana kan ƙarfen da ke riƙe sifirin na gaba, ɓangaren dama. Goge da burushin waya, shafa alli, ka haska fitila ta gefe. Kada girinda ta taɓa wurin, tana cinye lambar, kuma ana iya zargin an yi coge.

Mai_Walda: Duba ko akwai alamar walda kewaye da wurin. Tsatsa kan ci ƙarfen, sai a yanko na wata motar a liƙa da lambarsa.

Tsohon_Direba: Lambar inji daban take tun daga masana'anta, kada ta dame ka. British Motor Museum, gidan tarihin motoci da ke Gaydon, Ingila, na ba da takardar shaida daga kundin kamfanin. Da ita za ka je ofishin rajista a gyara takardu. Kada ka buga sabuwar lamba da hannunka.