Kumfar haidurojin a kan ciwo, ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa?

Dogo: Jama'a ku raba mu gardama da Auta. Ƙaninmu ne ya faɗi a keke gwiwa ta ɗaye, na zuba mai haidurojin ɗin nan na kemis na wanke ciwo (haidurojin feroksaid) ya dinga kumfa fuuu, nace kun gani ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, wai ita sai cewa tai sam ba haka bane

Auta: Ai ba haka bane ɗin Yaya. Ruwan haidurojin ɗin (H2O2) ne yake rabewa, 2H2O2 ya koma 2H2O da O2, wato ruwa da iskar oksijin, kumfar nan oksijin ce kawai ke fita. Abu ɗaya ya tarwatse ya ba da biyu, an mana shi a aji

Dogo: To in rabewa yake da kansa me ya hana shi kumfa a kwalba? ko a fata mai lafiya? sai kan ciwo kawai

Na Gwaggo: Nan fa ya kama ki Auta 😂

Auta: A kwalbar ma yana yi, a hankali ne ba ka gani, shi yasa ake zuba shi a kwalba mai duhu don haske na hanzarta abin, kuma wanda ya daɗe a buɗe ka zuba kaji shiru kamar ruwan randa

Malam: Tambayar Dogo ce mai kyau amma Auta ke da gaskiya. A jini akwai wani sinadari katales, aikinsa kenan wargaza H2O2 da sauri, shi kuma baya ƙarewa a ciki. Ku je wajen mahauci ku sayo ɗanyar hanta ku yanka ku ɗiga mata, kumfa har ta tsiyayo daga kofi, sannan ku gwada dafaffiya, kusan ba abin da zai faru don zafi ya lalata katales ɗin. Yankakken ɗanyen dankali ma yana yi. Mu a lab baƙin garin MnO2 (sinadarin manganis dayoksaid) muke sakawa a H2O2 ɗin, in ka kara tsinke mai garwashi a bakin kwalbar sai ya sake kamawa da wuta, shaidar oksijin kenan

Dogo: Malam to ai hantar ma da ƙwayoyin cuta a jiki, ƙuda nawa ya hau ta a kasuwa

Anti Nas: Wasu ƙwayoyin suna da nasu katales ɗin kam, kuma haidurojin na kashe wasu ban musa ba, amma yawan kumfa ba ma'aunin dattin ciwo bane, tsaftataccen yanka ma zai yi tunda akwai jini. Kuma don Allah ku daina zuba wa yaron kullum, yana cin sabuwar tsokar da ke tofowa ciwon ya ƙi rufewa da wuri. Ruwa mai tsafta da sabulu, a rufe da bandeji

Na Gwaggo: Dogo ka yanko ta can tsakiya inda ƙuda bai taɓa ba mana

Dogo: Zan gwada gobe, amma kuɗin hantar Auta ce zata biya