Likita ya ce mu rage dunƙule da kayan gwangwani, to me zan riƙa ɗorawa a wuta?

Maman Ƴan Biyu, Sabon Gari:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja magana. Makon jiya maigidana ya tashi da ciwon kai da jiri, da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Aka auna tansiyon ɗinsa, wato hawan jini, 17/10. Aka ce ya dawo da safe bai ci komai ba a auna suga, aka samu giram 1,18 a litar jini. Likita ya ce ciwon suga bai kama shi ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Ya rubuta maganin tansiyon, sannan ya juyo gare ni ya ce me muke ci a gida.

Wallahi da na fara lissafi sai kunya ta kama ni. Da safe burodi da mayonez da shayi mai madarar gwangwani. Da rana shinkafa ko makaroni da miyar tumatirin gwangwani, dunƙule biyar a tukunya. Da dare sauran na rana, yara kuma taliyar leda. Shi kuwa a shago lemun kwalba biyu yake sha a wuni, wai zafi. Likita ya ce mu koma abincin da ba a sarrafa a kamfani ba, bai ƙara komai ba, saboda layi na jiran sa.

Ni malamar lakwal ce, bakwai da rabi na bar gida. Yara huɗu. Wuta ba ta tsayawa balle in dogara da firigo, ruwa kuma kun san halin Damagaram. Rabon da in tuƙa tuwon gero tun ina gidanmu. Ta ina zan fara? Kuma miya ba dunƙule ta ciwu kuwa?

Inna ta Birni:

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya ba maigidan lafiya. Tambayarki ta ƙarshe ta ba ni dariya. Mu da muka girma a Birni, da me kike tsammani aka yi mana miya? Har bikin gidan sarauta na ci tuwo da miyar da ba ta san dunƙule ba, muna suɗe kwano.

Ki samu daddawar kalwa mai kyau, wadda ƙamshinta ke tarar ki tun daga nesa. In ba ta samu ba, daddawar batso ta ƴaƴan yakuwa ma tana yi. Ki daka ta da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari. Busasshen kifi ko guda ɗaya ne, ki cire ƙaya ki daka har da kan. Maimakon na gwangwani, ki nemi kauɗa, busasshen tumatir ɗin nan, ki wanke shi sosai saboda ƙasa, ki jiƙa ki niƙa. Abin da ƴan matan yanzu suka kasa shi ne haƙuri: daddawa tana son ta daɗe tana tafasa kafin a kaɗa kuka ko guro. In kika zuba yanzu kika sauke yanzu, wari za ki ji, sai ki ce daddawa ba daɗi, alhali gaggawarki ce.

Kuma kada ki gaya wa maigida kin canza komai. Namiji in ya ji an ce "na asibiti ne", tun kafin ya ɗanɗana ya yamutsa fuska.

Malamar asibiti, Garin Malam:

Sannu da jinya. Abin da Inna ta faɗa daidai ne, bari in ɗora da lissafi don ki san inda nauyin yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma har da gishirin da ke ɓoye cikin abinci. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Ki haɗa biyar a tukunya, ga gishirin da kike barbaɗawa da hannu, ga na burodi, ga na mayonez, ga ƙullin garin da ke cikin taliyar leda. Shi ne ke riƙe ruwa a jiki yana tura tansiyon sama. Daga 14/9 muke cewa ta hau, kin ga 17/10 ba abin wasa ba ne.

Suga kuma, abin da aka yarda wa babba bai wuce giram 50 a wuni ba, in ya yi rabin haka ya fi. Kwalbar baƙin lemu guda tana ɗauke da kusan giram 35, kamar ki jefa suga mai ƙwaya bakwai a kofi. Biyu a wuni ya riga ya tsallake, tun ba a zo kan shayi ba. Madarar gwangwani mai kaurin nan kusan rabinta suga ce. Awon da aka yi masa, daga 1,26 ake kiran sa ciwon suga. Yana 1,18, akwai sauran damar juyawa baya. Da ni ce, lemun nan zan fara tsayarwa kafin komai.

Amma ina da ja a wuri guda, don na ga mutane da yawa sun faɗa. Ba duk abin da aka ce na gargajiya ne ke zama lafiya ba. Kanwa da muke jefawa a wake da miyar kuka, sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. Gishirin Bilma gishiri ne, jiki bai san daga ina ya zo ba. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma in aka ɗura mata ludayin suga ta koma lemun kwalba da wata riga. Haka zoɓo, haka kunun aya. Zuma da dabino su ma zaƙi ne, ƙwaya uku daban, cika kwano daban. Alkakinmu na Damagaram kuwa a bar shi sai biki. Ƙosai da awara wake ne, amma sun sha mai. Gishirin da za ki ci gaba da sawa kaɗan ɗin, ki sayi mai aidin saboda yara.

Abu Sabon Gari:

Ki sayi garin zogale yana shan cokali biyu safe da yamma, cikin sati biyu ya yar da maganin bature. Maƙwabcinmu haka ya yi.

Malamar asibiti, Garin Malam:

A'a malam, don Allah kada a faɗi haka. Zogale ganye ne mai amfani, a ci shi a kwaɗo, a ci a dambu, amma ba ya maye gurbin maganin tansiyon. Tansiyon ba ta sallama, mutum yana jin garau sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Maman Ƴan Biyu, ya ci gaba da shan maganinsa kullum, ya riƙa zuwa awo. In abinci ya sauko da ita, likitan da ya rubuta shi ne zai rage da kansa.

Maman Haidar, ma'aikaciya:

Ƴar uwa ni matsalarki ta lokaci na fi ganewa, don ni ma sai la'asar nake dawowa. Gaskiya makaroni minti goma ya nuna, shi ya sa ya ci mu da yaƙi. Abin da ya cece ni ranar Asabar ce. Nakan wanke gero tiya biyu ko uku, a kai inji, in raba biyu: gari na tuwo da kunu, da tsaki na dambu. In shanya su su bushe ƙayau in zuba a bokiti mai murfi, ba ruwansu da firigo. In za a surfa, ki ce kada a cire dusa duka, a nan amfanin yake, kuma shi ke sa abinci ya daɗe a ciki suga bai hau da sauri ba. Ranar ce kuma nake daka kayan miyar da Inna ta lissafa, in cika kwalba. Shi ne dunƙulena na mako.

Wake ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan da safe. Yana nuna da wuri ko ba kanwa, gawayi ya ragu, kumburin ciki ma ya ragu. Shinkafa ba sai kin daina ba, ki mayar da ita shinkafa da wake, waken ya fi yawa, a yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Garin ɗan wake ma ki haɗa ki ajiye, kafin yara su cire kayan lakwal ya nuna. Da safe kunun tsamiya ko koko da aka jiƙa gasararsa tun jiya, da dafaffen ƙwai ko gyaɗa. Ɗumamen tuwo kuwa ba abin da ya kai shi riƙe ciki, sai dai yaran yanzu suna ganin ƙauyanci ne.

Na ganye, busasshen zogale da rama da yakuwa da tafasa suna nan a Kasuwar Dole kowane lokaci. Ki dafa, ki matse, ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Ɗanyen tumatir da tattasai kuma ina sa su a tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar. Tana son a yayyafa ruwa safe da yamma, amma kofi biyu ne, ba jarka ba.

Ɗan Mirya mai garka:

Hajiya, in ƙara da abin da na sani na sana'ata. Kayan lambu lokaci gare su. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, salati da kabeji da karas da tumatir suna shigowa daga wajenmu da Gidimuni da Matamaye har a rasa mai saye. Lokacin ne za ki sayi tumatir da guro da tattasai da yawa ki yanka ki shanya a kan tabarma, ba a ƙasa ba. In kika jira bazara za ki saya da tsada ki ce cin lafiya na masu kuɗi ne. Gero da wake ma da kaka ake saye, lokacin da na Damargu ke sauka. In kin samu wanda ya noma irin nan Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, yana da sinadarin ƙarfe fiye da geron da muka saba, yana da kyau ga yara da masu ciki.

Gyaɗa kuma ki tsince ta. Duk wadda ta yi baƙi ko ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar, gubar da ke cikinta hanta take ci, kuma suya ba ta kashe ta. Salati a wanke da ruwa mai tsabta da ɗigon jabel yadda ake nunawa a asibiti, a ɗauraye. Ni mai noma shi ne nake gaya miki.

Baban Walida, ɗan kabu-kabu:

Ku yi haƙuri, ni zan ɗan ɓata hirar. Kowa na ta yabon gero kamar kyauta ake raba shi. Tuwo yana cin gawayi, yana cin ruwa, yana cin ƙarfin mace, kuma wannan baiwar Allah aiki take zuwa. Ni ma an taɓa gaya mini irin wannan magana, na dawo gida da zafina na ce daga yau ba dunƙule ba makaroni. Aka yi miya salam, yara suka ƙi ci, ni da na kafa dokar na riƙa zagayawa wajen mai shayi a ɓoye. Kwana goma ba mu yi ba muka koma gidan jiya.

Karo na biyu uwargida ce ta yi dabara. Daga dunƙule huɗu ta koma uku, bayan sati biyu ta koma biyu, tana ƙara daddawa da kifi. Ban ankara ba sai ranar da na ci abinci a wani gidan suna na ji gishiri kamar zai tsaga mini harshe. Harshe yana sabawa, amma makonni yake ɗauka. Har yau muna sa guda ɗaya, kuma ranar da ta gaji makaroni muke ci, ba wanda ya mutu.

Maganar lemu, mu da muke yini a rana mun san ƙishin. Hana shi kawai ba zai yi ba, sai kin ba shi abin da zai riƙe a hannu. Ki cika masa gora da zoɓo ko ruwan tsamiya ko na ƴaƴan kuka, da citta, suga kaɗan, ya sa ƙanƙarar dala biyar a shago. Kuɗin lemu biyun nan kuma ya miƙo su a ƙara a cefane, nan ne kuɗin kifin zai fito.

Inna ta Birni:

Yaron nan ya fi ni gaskiya. Na manta mu a zamaninmu mata huɗu ne a tsakar gida, wata na daka wata na tuƙi. Ƴata, yaranki kuma kada ki yi musu wa'azi. Ki ajiye goruba da magarya da aya da gyaɗa a inda biskit yake zama, yunwar la'asar za ta koya musu.

Maman Ƴan Biyu, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Inna Allah ya ƙara girma. Na bari sai da na gwada kafin in dawo. Yau kwana goma sha biyu. Dunƙule ya koma uku, ba wanda ya ce uffan. Lemu ya koma ɗaya, ya ce ɗayan ba zai iya bari ba tukuna, na ƙyale shi. Zoɓon yana tafiya da shi, sai dai ya ce yaran shagon ne ke shanye rabi. Dambu da zogale ya karɓu, har ƴan biyu suna neman ƙari. Tuwon gero kuwa na farko ya yi gudaji, na biyu ya yi ruwa, babbar ƴata ta ce wai kunu ne aka sa wa miya. Jiya mun koma awo, 15/9, yana kan shan maganinsa, an ce mu dawo bayan wata guda.

Inna, don Allah ruɗen tuwon nan, sai ruwa ya tafasa sosai ake zuba shi, ko tun yana ɗumi? Kuma minti nawa kike bari kafin ki fara zuba gari?